Kyamara, Bakin Teku da Kiɗa: Nazarin Wata Al'adar Masu Hoto a Landan

Akwai tsohuwar al'ada a tsakanin masu ɗaukar hoto na Landan ta fita daga birni su bi garuruwan gaɓar teku ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaukar jama'a a lokacin hutunsu. Landan ba ta bakin teku, amma tun da jirgin ƙasa ya haɗa ta da Brighton a 1841, sannan dokar 1871 ta ware wa ma'aikata wasu ranakun hutu, garuruwa irin su Brighton da Margate da Southend suka zama wurin shan iskar talakan birnin. Inda jama'a suka nufa kuwa, mai hoto yana biye da su. A 1892 Paul Martin ya ɗauki masu hutu a Great Yarmouth da kyamarar da ya ɓoye, don kada kowa ya gyara zama saboda shi.

Wanda ya ba al'adar siffarta ta yanzu shi ne Tony Ray-Jones. Bayan ya dawo daga Amurka, ya shafe ƙarshen shekarun 1960 yana zaga gaɓar Ingila cikin motar da yake kwana a ciki, yana ɗaukar hotuna baƙi da fari. Ya rasu a 1972 yana da shekara 30, aka buga littafinsa A Day Off a 1974. Ba ya tsayar da ido kan mutum ɗaya. A hoto guda za a ga tsoho yana gyangyaɗi, yaro yana haƙa yashi, kare ya juya baya, kowa da abin da ya dame shi, amma an tsara su yadda idon mai kallo ba ya ɓata. Martin Parr ya ɗora da hotuna masu launi mai ƙarfi da ya ɗauka a New Brighton kusa da Liverpool, waɗanda suka fito a The Last Resort a 1986. Da aka baje su a Landan, wasu masu sharhi sun zarge shi da tona asirin talaka, saboda sharar da cunkoson da ya nuna. A 2018 gidan tarihin teku na Greenwich ya haɗa ayyukan waɗannan biyu da na David Hurn da Simon Roberts a baje koli ɗaya.

Kiɗa ya shigo cikin wannan al'ada ne ta hannun matasa. A 1964 wasu rukunoni biyu, Mods da Rockers, waɗanda sutura da babura da irin kiɗan da suke saurare suka raba, sun gwabza a Clacton da Brighton da Margate. Hotunan jaridu sun zuzuta faɗan fiye da yadda ya kasance, kuma a kan haka Stanley Cohen ya gina littafinsa na 1972 game da yadda kafafen labarai ke firgita al'umma. Faifan Quadrophenia na ƙungiyar The Who, na 1973, ya zo da ɗan littafin hotuna na Ethan Russell mai bin wani matashi daga Landan zuwa Brighton. Wani lokacin ma daga gaɓa kiɗan ke shigowa birni: ƙungiyar Dr. Feelgood ta taso ne daga tsibirin Canvey a bakin kogin Thames, ta yi suna a ƙananan mashayun Landan a tsakiyar shekarun 1970.

Babbar matsalar hoton kiɗa ita ce hoto ba shi da sauti. Gwanin mai hoto yakan juya wa dandamali baya ya fuskanci masu sauraro, domin a gumi da taku da ɗinkin riga ake ganin abin da kunne ke ji. A nan ne hoton teku da hoton kiɗa suka haɗu: dukansu suna neman mutum a lokacin da ya sauke nauyin aiki, ya saki jiki.

Sai dai al'adar bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya tana da rauni. Baƙon da ya kwana ɗaya a gari abin da ya fi ɗaukar ido kawai yake gani, kamar mai hoton da ya zo Kano ranar hawan daushe ya koma yana ganin ya san birnin. Hotunan kiɗa mafi nauyi a Landan sun fito ne daga waɗanda suka zauna. Dennis Morris ya taso a Hackney, yana ɗan makaranta ya tari Bob Marley a ƙofar gidan rawa na Speakeasy a 1973, aka ba shi wuri a motar ƙungiyar Marley. Kafin nan kuwa ya saba ɗaukar majami'u da bukukuwa da masu manyan lasifika na unguwarsu, mutanen da suka san shi tun yana yaro. Simon Wheatley ma ya daɗe cikin matasan gabashin Landan masu kiɗan grime, yana shiga ɗakunansu da gidajen rediyonsu marasa lasisi, kafin ya fitar da Don't Call Me Urban! a 2010. Parr kansa a kusa da New Brighton yake zaune lokacin da ya yi aikinsa, yana komawa bakin ruwan daga 1983 zuwa 1985, wanda shi ne amsa mafi ƙarfi ga masu cewa leƙe kawai ya yi.