Faifai Biyu, Makaɗi Ɗaya

Abin da ke fara ɗaure wa baƙo kai a harkar kiɗan kilasik na Turai shi ne yadda kiɗa ɗaya yake fitowa a faifai sama da ɗari, kowanne da makaɗinsa, masu sha'awa kuma su tara goma a gida suna gardamar wanne ya fi. A wurinmu waƙa da mai ita a haɗe suke. Bakandamiya ta Shata ce, duk wanda ya rera ta bayansa kwaikwayo yake yi. Can kuwa mai tsara kiɗa daban, mai kaɗawa daban. Johann Sebastian Bach, Bajamushe, ya rasu a 1750, shekara 127 kafin Edison ya ƙera na'urar ɗaukar sauti. Takarda kawai ya bari, ita kuma takarda ba ta faɗin komai da komai. Ta nuna sautin da za a taɓa, amma yawan sauri, da inda za a sassauta hannu, da inda za a ja numfashi, galibi ta bar wa makaɗi. A wannan giɓin ne duk daɗin sauraron faifai yake.

Misali mafi kusa shi ne kiɗan da ake kira Goldberg, wanda Bach ya buga a 1741. Tsarinsa ba wuya: tushe guda mai sanyi, sai juyi talatin da aka gina kan amon hannun hagu na tushen, sannan a koma tushen a rufe. Forkel, wanda ya rubuta tarihin Bach a 1802, ya ce an tsara shi ne don wani jakadan Rasha a Dresden da barci ke ƙaurace wa, yaronsa Goldberg ya riƙa kaɗa masa da dare. Masana da yawa suna tantamar labarin, don yaron shekararsa goma sha huɗu a lokacin, amma sunan ya riga ya bi kiɗan.

A 1955 wani saurayi ɗan Kanada mai shekara 22, Glenn Gould, ya shiga situdiyon kamfanin Columbia a birnin Niyok ya naɗi kiɗan a kan piyano, ko da yake Bach don hafsikod ya rubuta shi, wato kakan piyano da ake tsinkar tsirkiyarsa. Cikin minti 38 da 'yan daƙiƙu ya gama, bai yi maimaicin da takarda ta nuna ba. Faifan ya yi kasuwa, ya fito da sunansa duniya. A 1981 ya koma situdiyon nan dai, ya sake naɗa, wannan karon minti 51.

Saka su ɗaya bayan ɗaya ka ji. A na farko tushen bai cika minti biyu ba, yana tafe kamar mai sauri ya riski mota a tasha. A na biyu ya haura minti uku, kowane sauti sai ya zauna ya huta kafin na gaba ya shigo. Da ka ji haka sai ka yanke cewa tsufa ne, dattijo ya rage gudu. Juyi na 25 zai ƙaryata ka. Shi ne mafi ban tausayi a cikinsu, kuma saurayin ne ya fi jan sa. Dattijon ya ɗan ɗaga ƙafa, ya kuma soki yadda ya kaɗa shi a da, yana ganin ya cika masa zaƙi. Abin da ya nema a 1981 shi ne bugu ɗaya da zai ɗinke juyi talatin ɗin, saurin kowanne ya fito daga cikin na bayansa. Wannan ba ya jiyuwa a sauraro ɗaya. Sai ka mayar da faifai baya, ka sake, ka sake, abin da mai zama a zauren kiɗa ba shi da halin yi.

Ranar da na fara jin na 1981 da iyafis, cikin dare, an ɗauke wuta, sai na riƙa jin wata murya can ƙasa-ƙasa tana gunaguni. Na cire iyafis na leƙa tsakar gida, ba kowa. Ashe Gould ne da kansa yake bin kiɗan da baki, al'adar da ta gagari masu ɗaukar sauti. Wasu har yau ba su yafe masa ba. Ni kam da an goge ta da na ji an rage wani abu.

Abin mamaki, mutumin da ya bar gunaguninsa a faifai shi ne kuma gaba-gaba wajen kare gyaran faifai. A 1964 ya daina kiɗa a gaban jama'a kwata-kwata, ya tare a situdiyo. Ya ɗauki ɗakin naɗi tamkar wurin shirya fim: a kaɗa wuri ɗaya sau da yawa, a yanki tef, a haɗa gutsuren da ya fi kyau da ɗan'uwansa. Masu suka suka ce ha'inci ne, tunda abin da kake ji ba a taɓa kaɗa shi haka daga farko zuwa ƙarshe ba. Suna da hujja, don kunnen da ya saba da faifai marar kuskure yakan zama mai tsegumi, ya ga makaɗi mai rai ya zame sau ɗaya ya ce bai iya ba. Sai dai faifai tun asali bai taɓa zama madubi ba. A zamanin garmaho kowane gefe minti huɗu zuwa biyar yake ɗauka, dole a datse dogon kiɗa gunduwa-gunduwa, mai sauraro yana tashi yana juya faifai. Sai a 1948, da Columbia ta fito da dogon faifai mai cin sama da minti ashirin a gefe guda, aka sami sararin zama a ji abu ya miƙe. Na'ura ta daɗe tana sa hannu a cikin kiɗan. Gould dai bai ɓoye ba ne.

In aka matsa mini, na 1981 nake ɗauka, amma ba na ba wa sabon shiga shi da farko. Na 1955 ne ke kama mutum, yana da ƙuruciya da rawar kai, kuma sai ka san shi kafin ka gane abin da dattijon yake gyarawa. Na biyun ya fito kasuwa a 1982. A ranar 4 ga Oktoba ta shekarar Gould ya rasu a Toronto sakamakon shanyewar jiki, kwana tara bayan ya cika hamsin.