Makirufo da Sauyin Salon Rerawa: Nazari a Kan Mawaƙan Raɗa na Amurka, 1925 zuwa 1932

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin waƙa sun saba jingina salo ga mawaƙi shi kaɗai, wato zaɓen kalmominsa da karin muryarsa da yadda yake sarrafa numfashi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa na'urar da ta ɗauki muryar ma tana da hannu a cikin salo. Za a kafa hujja da wasu mawaƙan Amurka da suka yi tashe a zamanin kiɗan jaz, waɗanda aka laƙaba wa suna "crooners". Kalmar tana nufin masu rera waƙa ƙasa-ƙasa, tamkar uwa mai rarrashin jinjiri. Saboda haka a nan za a kira su mawaƙan raɗa.

2.0 Daga ƙaho zuwa makirufo

Kafin shekarar 1925, mawaƙi kan tsaya ne a gaban wani babban ƙaho mai siffar mazurari ya rera waƙarsa a ciki. Ƙarfin muryarsa shi ke girgiza allura ta yi zane a kan faifan kaki. Murya mai sanyi ba ta fita sosai, haka ma baƙaƙe zuzau irin su /s/ da /f/ sukan dushe. Wannan ya sa kasuwar faifan garmaho ta zama ta masu ɗaga murya da rarrabe gaɓoɓin kalma, irin su Billy Murray da Al Jolson, wanda ya saba cika zauren wasa da muryarsa ba tare da lasifika ba.

A 1925 kamfanonin Victor da Columbia suka koma ɗaukar murya da lantarki, bisa tsarin kamfanin Western Electric. A 1926 aka kafa NBC, a 1927 kuma CBS, rediyo ya shiga ɗakunan jama'a. Daga nan sai mawaƙi ya sami damar matsowa kusa da makirufo ya yi waƙa da muryar hira. Art Gillham da Jack Smith, waɗanda duk aka yi wa laƙabi da raɗa, suna cikin na farko. A 1927 Gene Austin ya fitar da "My Blue Heaven", faifan da aka sayar da miliyoyinsa.

3.0 Siffofin salon

Abubuwa uku suka bambanta wannan salo da wanda ya gabace shi. Na farko, furuci ya kusanci na maganar yau da kullum: ana sassauta baƙaƙe, ana jan wasula, ana barin sautin numfashi ya fito. Na biyu, wanda ake yi wa waƙar ya sauya. Jolson taro yake fuskanta, Austin kuwa da mutum ɗaya yake magana, kamar yana zaune kusa da shi. Na uku, zubi ya matse. Faifai mai inci 10 da ke juyawa sau 78 a minti ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowace fuska, don haka waƙoƙin suka tsaya a kan gajeren amshi mai kashi huɗu, inda na ɗaya da na biyu da na huɗu suke da kari iri ɗaya, na uku ya saɓa.

Salon bai rasa masu suka ba. A 1932 babban limamin Katolika na Boston, William O'Connell, ya yi tir da shi a bainar jama'a, yana ganin bai dace da namiji ba. Wannan suka ta fi shafar tunanin zamanin game da mazantaka fiye da ingancin waƙa. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta ƙuncin jigo, domin yawancin waƙoƙin begen masoyi ne da kewar gida. Bugu da ƙari, jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago, amma manyan shirye-shiryen rediyo suka fi faɗawa hannun farare.

4.0 Waƙa ɗaya, murya biyu

Za a fi gane iyakar salon idan aka kwatanta Rudy Vallée da Bing Crosby. Vallée ya yi suna daga 1928 a wani gidan rawa na birnin New York, a 1929 kuma ya sami shirin mako-mako a NBC. Muryarsa siririya ce mai fita ta hanci, har yakan yi amfani da ƙahon hannu a gaban taro. Crosby ya shiga ƙungiyar Paul Whiteman a 1926, ya fara shirin kansa a CBS a 1931, kuma ya ɗauki darasi daga Louis Armstrong wajen jinkirta gaɓa ko gaggauta ta a kan kiɗa.

A 1932, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, kowannensu ya ɗauki "Brother, Can You Spare a Dime?", wadda Yip Harburg ya rubuta, Jay Gorney ya yi mata kari. Jigonta koken ma'aikaci ne, tsohon soja, wanda ya gina ƙasa sannan ya wayi gari yana bara. Vallée ya rera ta da saurin kiɗan rawa, murya a miƙe daga farko har ƙarshe, sai koken ya zama labarin wani da ake bayarwa. Crosby ya fara ta a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar mai jin nauyin roƙo, sannan ya riƙa ɗaga murya har fushin da ke ƙarƙashin kalmomin ya bayyana. Kalmomi ɗaya ne, amma ma'anar da ta isa kunne ta bambanta. A ganin wannan maƙala, Crosby ya fi, domin ya mayar da raɗa ɗaya daga cikin dabarunsa, alhali ga Vallée ita ce dukkan jarinsa.

5.0 Kammalawa

An ga yadda makirufo ya buɗe wa muryar hira ƙofa, da yadda girman faifai ya ƙayyade tsawon waƙa, da kuma yadda gwanintar mawaƙi ta ci gaba da zama abin da ke raba gwani da na baya. Darasin ya shafi duk mai nazarin waƙar da ya same ta a faifai ko kaset. Kafin ya yanke hukunci cewa taƙaitawa ko sanyin murya salon mawaƙi ne, ya kamata ya binciki shekarar da aka ɗauki waƙar, da irin na'urar da aka yi amfani da ita, da kuma waɗanda aka yi nufin su saurara.