Abin da likitocin Graz suka gani a takardar gwajin jini

A 2013 mujallar British Journal of Cancer ta buga binciken Michael Stotz da abokan aikinsa na Jami'ar Likitanci ta Graz, a Ostiriya, kan sankarar fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Cuta ce mai ɓoye kanta. Sau da yawa sai shawara ta fito a ido, mutum ya rame, sannan a gano ta, kuma ko an yi tiyata takan dawo.

Sun bi bayanan marasa lafiya 371, an yi wa 110 daga cikinsu tiyata. Fararen ƙwayoyin jini iri biyu suka duba: nutrofil, masu ƙaruwa idan jiki na fama da kumburi, da limfosait, masu yaƙar sankara. Suka raba adadin na farkon da na biyun. Waɗanda sakamakonsu ya haura 5 sun fi saurin rasuwa, har cikin waɗanda aka cire wa ƙarin.

Abin da ya burge ni shi ne sauƙin hanyar. Ba a bukatar na'urar farautar ƙwayoyin sankara masu yawo a jini. Gwajin ƙirgar jini ne, wanda ma'aikatan asibiti a Benin ke kira NFS. Ga mutumin Garou da ke kusa da Malanville a arewacin Benin, wanda Kwatano ke masa nisan fiye da kilomita 700, wannan takarda ce da likita a Malanville zai iya karantawa kafin iyali su sayar da shinkafa ko sa don tafiya Parakou. An rubuta binciken a fili, ba tare da cika baki ba.

Sai dai tsofaffin fayilolin asibiti ɗaya suka yi aiki da su, na Turawa. A nan nake da damuwa. Akasarin mutanen Yammacin Afirka ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma nutrofil ɗinsu yakan yi ƙasa bisa halitta, lafiyarsu ƙalau. Ga zazzaɓin cizon sauro na bakin kogin Kwara, mai rage limfosait. Ga shawarar kanta, idan hanyar madaciya ta toshe ta kamu da ƙwayoyin cuta, nutrofil kan tashi. Lambar 5 ta Graz za ta iya ruɗar likita a nan, ta ɓoye haɗari ko ta ƙirƙiro shi.

Likitocin tiyata na Parakou da Yamai da Sakkwato su ne za su iya tara NFS na marasa lafiyarsu, su fitar da lambar da ta dace da jininmu.