Abin da Bango Ke Ba Aikin Hannu da Abin da Yake Ƙwace Masa

Duk wanda ya saba halartar baje kolin fasaha da sana'o'in hannu zai lura cewa jama'a sun fi taruwa a gaban kayan da aka rataya a bango. Tukwane da turame suna ajiye a ƙasa ana ratsa su a wuce, amma da zarar an zo gaban rigar da aka baje, sai kowa ya ja ya tsaya. Dalilin haka shi ne bango yana ɗaga aiki zuwa daidai idon mai kallo, ya kuma shimfiɗa shi gaba ɗaya. Babbar riga idan tana jikin mai ita, naɗin kafaɗa yakan ɓoye rabin ɗinkin. Sai an baje ta ake ganin aska takwas da tambari yadda maɗinki ya tsara su.

A wannan zamani, cikin waɗanda suka fi cin moriyar bango akwai El Anatsui, mutumin Gana da aka haifa a 1944, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975. Shi da mataimakansa sukan tara murafun kwalaben giya, su daddaƙe su, su huda, su haɗa su da wayar jan ƙarfe, har su zama wani makeken mayafi mai ƙyalli. A 2007 an lulluɓe fuskar wani tsohon gini da irin wannan aiki a birnin Benis na ƙasar Italiya, a 2015 kuma aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin. A 2023 an rataya ayyukansa a babban zauren Tate Modern da ke Landan. Ba ya gindaya yadda za a rataya aikin, saboda haka kowane bango yakan ba shi sabon naɗi. Wato abin da aka zubar a juji, rataya ta sa duniya ta tsaya tana kallonsa.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Jeren ɗakin amarya, inda ake tsara kwanuka da tasoshi da faya-fayi a jikin bango, baje koli ne tun kafin mu san sunan. Haka kuma magina sun daɗe suna zayyana fuskar zaure a Kano da Zariya.

To sai dai ni a ganina akwai asarar da ya kamata a yi hattara da ita. Faifai an yi shi ne don rufe ƙwarya da sheƙar hatsi, kuma ingancinsa a hannu ake jin sa. Idan ya hau bango, launi kaɗai ya rage. Na sha ganin faya-fayin da aka yi musamman don rataya, rini ya yi kyau amma ɗinkin sako-sako, ko sau ɗaya ba za su jure sheƙa ba. Idan kasuwa ta ci gaba da neman irin waɗannan, 'yan baya za su gaji ado su rasa gwaninta.

Asara ta biyu ita ce ta suna. Duk inda aka rataya aikin El Anatsui da sunansa a gefe. Amma rigar da maɗinki ya yi watanni a kanta, sau da yawa abin da ake rubutawa bai wuce "aikin Hausawa" ba.

Saboda haka ina ba masu shirya baje koli shawara su riƙa rubuta sunan mai aiki da garinsa da amfanin abin, su kuma ajiye wani irinsa a ƙasa wanda za a iya taɓawa. Malamai kuwa, idan kun kai ɗalibai, ku tambaye su me ake yi da wannan abu kafin ya hau bango. Amsar da suka bayar ita za ta nuna mana abin da ya rage a hannunmu.