Karin Sauti da Gane Kalma: Sharhi a Kan Rubutun Boko Bisa Misalin Sinanci

An daɗe ana yaba wa rubutun boko da cewa yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Wannan yabo ya wuce gona da iri. Tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912 har zuwa taron Yamai na 1980, rubutun Hausa na yau da kullum a Nijeriya bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba.

Sinanci zai haska matsalar. Gaɓar "ma" tana iya nufin uwa ko doki, gwargwadon karin da aka ɗora mata, amma kowace ma'ana da alamarta daban a takarda, saboda haka ido yakan raba gardama. Duk da haka, a nazarinsu na 1998, Perfetti da Tan sun yi da'awar cewa sautin alama yakan farka a ƙwaƙwalwar mai karatu kafin ma'anarta. Wasu masana sun ja da su, amma idan har sauti yana da hannu a rubutun da ya dogara ga siffa, ina ga boko, wanda sauti ne kaɗai jarinsa?

A nan raunin yake. "Wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala rubutunsu ɗaya. Haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Waɗannan ma da sauƙi, domin jimla takan warware su. Babbar illar tana ga lamirin lokaci. "Ya tafi" tana ɗauke da furuci uku: na labarin an riga an tafi, da na jerin aukuwa cikin labari, da na umurni. Mai karatu yakan kai ƙarshen jimla sannan ya komo ya gyara muryarsa. Abin lura, ajami da ake yi wa kallon koma-baya yakan nuna tsawon wasali.

Bakano yana cike giɓin da kunnensa. A Maiduguri kuwa, inda Hausa harshe na biyu ce ga ɗimbin Barebari da Shuwa da Babur, ɗalibi ba shi da wannan gata, kuma daidaitaccen rubutun Barebarci shi ma bai nuna kari ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun nuna kari da tsawo, amma littattafan firamare ba su bi sahunsu ba. Ba a ce a cika shafi da alamomi ba. Ya wadatar a bambanta lamiran lokaci a littattafan aji ɗaya zuwa uku.