Jinjina ga Masu Shimfiɗa Hanyar Tseren Monako

Ƙasar Monako gaba ɗayanta murabba'in kilomita biyu ce da 'yan kai, a matse tsakanin dutse da teku. A cikin wannan matsatsi Antony Noghès ya tsara tseren motoci na farko a 1929, kuma har yau titunan garin ne filin: kilomita 3.337, kwana 19, zagaye 78.

Ni dai ma'aikatan da ke shirya hanyar ne suka fi burge ni. Makonni shida suke yi suna kafa shingayen ƙarfe da rumfunan 'yan kallo. Ko murfin kwalbati sai an yi masa walda, domin iskar ƙarƙashin motar tsere na iya fizge shi sama. Kwanar Fairmont kuwa ta lanƙwashe har sai an gyara sitiyarin mota kafin ta iya shan ta. Jim kaɗan direba ya faɗa duhun ramin da ke ƙarƙashin otel ɗin Fairmont, ya ɓullo cikin hasken rana a bakin tashar jiragen ruwa.

Masu suka na cewa wuce abokin karawa ya yi wuya, kuma gaskiyarsu. Amma titin da aka yi tsere da rana, da yamma an buɗe wa mutanen gari. Ma'aikata, sannunku da aiki, Allah ya ƙara basira.