Ɗa ko Bawa: Naƙadin Aƙidar Ceto da Ɗiyanci a Kiristanci Bisa Ma'aunin Harshe da Shari'a a Gabashin Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci koyarwar Kirista da ke cewa wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu an fanshe shi daga bauta, an mayar da shi ɗan Allah. An fara da bayanin aƙidar kamar yadda masu ita suke bayyana ta, sannan aka duba dalilin da ya sa take da nauyi a kunnen Bahaushe, musamman a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Daga nan aka auna ta da Alƙur'ani da Sunna da maganganun malaman tauhidi, aka kuma nuna raunin da ke cikin wasu martanin Musulmi.

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi baƙuncin Hugh Clapperton, ɗan leƙen ƙasa daga Birtaniya. Clapperton ya rubuta cewa Bello ya tambaye shi ko mutanensa Nasɗurawa ne ko mabiya Sosinus, tambayar kuma ta ɗaure masa kai har ya tsere mata da cewa su Furotesta ne. Nasɗuriyya sananniya ce a littattafan Musulmi, domin Shaharastani ya kawo ta a Al-Milal wan-Nihal tare da Malkaniyya da Yaƙubiyya. Mabiya Sosinus, wanda ya mutu a 1604, su ne waɗanda suka ƙi aƙidar Allah uku cikin ɗaya, suka kuma ƙi cewa mutuwar Almasihu biyan bashin zunubi ce. Da Clapperton ya dawo a 1826, cikin kyautar da ya kawo akwai Sabon Alkawari na Larabci.

Bello ya rasu a 1837, kabarinsa yana Wurno, ribaɗin da ya zaɓa ya zauna. Abin da ya bari a wannan fage shi ne ladabin tambaya: kafin a yi wa mutum raddi, a san wace magana yake riƙe da ita. Ana bukatar wannan ladabi a yau fiye da jiya. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, wa'azin Kirista kuma yana isa ga manomin albasa a Wurno da masuncin madatsar Goronyo ta rediyo da wayar hannu, ko da babu coci a unguwarsu.

2.0 Aƙidar a Bakin Masu Ita

Tsarin ceto a wurin mafi yawan Kirista yana da matakai uku. Na farko, ɗan Adam ya gaji faɗuwa daga saɓon Annabi Adamu (AS), ya zama bawan zunubi. Na biyu, mutuwar Almasihu a kan gicciye ita ce fansar da ta 'yanta shi. Na uku, wanda ya gaskata ana karɓar sa a matsayin ɗa, yana kiran Allah uba, yana da rabon gado. Kalmar Girkanci da Bulus ya yi amfani da ita a mataki na uku ita ce huyotesiya, wato ɗora mutum a matsayin ɗa. Sau biyar ta zo a Sabon Alkawari, duk a wasiƙun da ake jingina wa Bulus: Romawa 8:15 da 8:23 da 9:4, Galatiyawa 4:5, da Afisawa 1:5. Fassarar Larabci ta Bairut ta 1865 ta kira ta tabanni.

Kalmar tana da gida a dokar Rumawa. Wanda aka yi wa tabanni yana fita daga ikon mahaifinsa, ya ɗauki sunan sabon uba, ya gaje shi kamar ɗan cikinsa. Sarki Kalaudiyas ya yi wa Nero haka a shekara ta 50, Nero kuma ya hau gadon sarauta a shekara ta 54 alhali ɗan cikin Kalaudiyas yana raye. A zamanin mulkin Nero aka rubuta wasiƙa zuwa ga Romawa, don haka masu karanta ta sun san ƙarfin misalin.

Wajibi ne a lura da wani bambanci. Tun taron Nikiya na shekara ta 325 Kirista suke cewa Almasihu ɗa ne a zatinsa tun azal, muminai kuwa 'ya'ya ne ta hanyar alheri. Da Elifandus, babban limamin Ɗulaiɗila a Andalus, ya ce Almasihu a mutuntakarsa ɗan tabanni ne, taron Faranfot ya yi tir da maganarsa a 794. Ke nan da'awa biyu ce, kowace da hujjarta, kowace kuma da amsarta.

3.0 Yadda Take Sauka a Kunnen Bahaushe

A Hausa kalmar ɗa tana da ma'ana biyu: wanda aka haifa, da kuma wanda ba bawa ba. Daga nan aka sami 'yanci, wanda Basakkwace yake kira ɗiyauci. Saboda haka idan mai wa'azi ya kawo ma'anar Galatiyawa 4:7, cewa mai bi ya tashi daga bawa ya koma ɗa, Bahaushe yana jin abu biyu a lokaci guda: an ba shi uba, an kuma cire masa ƙangi. Kalmar fansa ita ma haka take. A daular Sakkwato fansa ita ce dukiyar da dangi suke biya su karɓo wanda aka kama, ko wadda bawa yake tarawa ya sayi kansa.

Ƙasar da ake magana a kanta ta san waɗannan abubuwa da kyau. Bauta ba ta gushe a dokar Arewa baki ɗaya ba sai a 1936, kalmomi irin su rinji da murgu da bacucane kuwa har yau tsofaffi sun san ma'anarsu. Nasaba ma tana da kima: mutumin Rabah zai iya jero cewa Sardauna Ahmadu Bello ɗan Ibrahim ne, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Bello, ɗan Shehu. A wurin da asali yake buɗe ƙofa yake kuma rufe ta, duk wanda ya zo da alkawarin asali mafi girma kyauta zai sami mai saurare. Ƙarfin wannan wa'azi a cikin harshe da tarihi yake kafin ya kai ga hujja.

4.0 Naƙadi

4.1 Tushen fansa

Ginin duka yana kan cewa akwai bashin da aka gada. Alƙur'ani ya rushe wannan tushe ta fuska biyu. Baƙara 37 ta tabbatar da cewa Adamu (AS) ya tuba an karɓi tubarsa, don haka babu ragowar da za ta gangaro ga zuriyarsa. An'am 164 da Najm 38 kuma sun kafa ƙa'idar cewa rai ba ya ɗaukar nauyin wani rai. Wannan ƙa'ida tana cikin littafin Kirista kansu, a Ezekiyel 18:20, inda aka kore ɗaukar laifin uba daga kan ɗa. Nisa'i 157 ta kore gicciyewar ma daga asalinta. Ta fuskar hankali kuma akwai tambaya: wa aka biya fansar? Malaman Kirista na farko da dama sun ce Shaiɗan aka biya. Anselem, wanda ya mutu a 1109, ya ƙi wannan, ya ce hakkin girman Allah aka biya. Idan Allah ne mai bin bashi kuma shi ne mai biya, to yafewa kai tsaye ba ta gagare shi ba, kuma Zumar 53 ta sanar da cewa yana gafarta zunubai dukkansu.

4.2 Lafazin ɗa

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin cewa lafazin ɗa a littattafan Ahlul Kitabi yana zuwa da ma'anar aro. A Fitowa 4:22 an kira Isra'ila da shi, a Luka 3:38 an kira Adamu da shi. Ibn Taimiyya, a Al-Jawabus Sahih, ya kafa hujja da irin waɗannan wurare cewa ma'anarsa zaɓaɓɓe abin ƙauna, kuma wannan ya isa ya hana a keɓe Almasihu da allantaka saboda lafazin. Tun kafinsa Jahiz, a risalarsa ta raddi ga Nasara, ya kawo tambayar da ta fi kowace kaifi: idan Allah ya riƙi Ibrahim (AS) badaɗi, me zai hana ya riƙi wani ɗa ta fuskar rahama da girmamawa? Ya ambaci cewa wasu masu ilmin kalam sun halatta, shi kuwa ya ƙi.

Ƙin nasa shi ne daidai, saboda dalilai uku. Na ɗaya, sunayen Allah a wurin jumhurin Ahlus Sunna ana tsayawa ne a kan abin da nassi ya kawo, nassi kuwa ya kawo khulla da wilaya da mahabba, bai kawo ubantaka ba. Na biyu, ɗiyanci ko na aro ne yana nuni ga haɗuwar jinsi. Mutum yana iya son dokinsa, amma ba ya mayar da shi magajinsa, domin ɗa daga jinsin uba yake. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi a zaure ya san cewa saɓa wa fararru sifa ce wajiba ga Allah. Na uku, Ma'ida 18 ta fuskanci wannan da'awa ta muminai kai tsaye: ta hakaito Yahudu da Nasara suna kiran kansu 'ya'yan Allah masoyansa, ta tambaye su dalilin da zai sa a azabta su da zunubansu, ta mayar da su cikin sauran mutane. Ayar ta gano haɗarin da ke cikin lafazin, wato jin cewa an sami matsayin da hisabi ba ya taɓawa.

Tabannin kansa Shari'a ta soke shi tsakanin mutane. Ahzab 4 da 5 sun hana a jingina yaro ga wanda bai haife shi ba, Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana kiran sa ɗan Muhammadu. A fiƙihun Malikiyya tsintaccen yaro ɗa ne mai 'yanci, ciyar da shi wajibi ne, amma ba ya ɗaukar nasabar wanda ya tsince shi. Al'adar riƙo a ƙasar Hausa a kan wannan turba take: goggo ko kawu su raini yaro har su aurar da shi, sunan mahaifinsa yana nan. Abin da Shari'a ta ɗauka ƙage ne a tsakanin mutum da mutum, ya fi cancantar a tsarkake Mahalicci daga gare shi.

4.3 Matsayin bauta

Misalin Bulus yana aiki ne idan an ɗauka bawa koyaushe ƙasƙantacce ne mai zaman tsoro. Haka bautar mutum ga mutum take. Bautar Allah kuwa ita ce sunan da aka kira Manzon Allah (SAW) da shi a mafi ɗaukakar matsayinsa, a farkon Isra'i da farkon Kahfi, ita ce kuma kalmar farko da Annabi Isa (AS) ya siffanta kansa da ita a Maryam 30. Bulus kansa ya buɗe wasiƙar Romawa da kiran kansa bawa, a 6:22 kuma ya kira masu bi bayin Allah.

Duk amfanin da aka rataya wa ɗiyanci Alƙur'ani ya ba bawa shi ba tare da lafazin ba. Kusanci yana Baƙara 186, ƙauna tana Ali Imrana 31, kore tsoro daga waliyyai yana Yunus 62, gadon Firdausi yana Mu'minun 10 da 11. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya nuna wa sahabbai wata mata cikin kamammu tana rungume da jaririnta, ya sanar da su cewa rahamar Allah ga bayinsa ta fi tata ga ɗanta. An yi kwatanci da tausayin uwa, an bar Ubangiji a matsayinsa na Ubangiji.

5.0 Raunin Martani

Martanin da aka fi ji a majalisu shi ne karanta Suratul Ikhlas a ce Allah bai haifa ba. Magana ce gaskiya, tana kuma rushe da'awar ɗiyancin zati. Sai dai Kiristan da ya san addininsa zai ce shi bai taɓa da'awar an haife shi ba, daga nan matashin da ke sauraro ya ɗauka malaminsa ya rasa amsa. Ayar da ta dace da wannan gaɓa ita ce ta Ma'ida. Ankabut 46 ta yi umurni da jayayya mafi kyau, mafi ƙarancin kyawunta kuwa a faɗi maganar abokin jayayya yadda zai amince cewa tasa ce.

Rauni na biyu shi ne wa'azin da yake cika kunne da wuta da azaba, ya taƙaita ambaton rahama, har ya gaskata zargin cewa tsira a Musulunci lissafin aiki ne kawai. Hadisi ingantacce ya tabbatar da cewa aikin mutum shi kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Na uku ya fi ciwo. Al'ummar da take koyar da cewa bawan Allah shi ne mafi girman laƙabi, amma take hana aure da gorin bauta, ko take bambanta agola da ɗan riƙo a kwanon abinci, ta ba mai wa'azin ɗiyanci hujjar da ba a littafi ya same ta ba. Ayar da ta soke tabanni ita ce ta kira waɗanda ba a san iyayensu ba 'yan'uwa a addini.

6.0 Kammalawa

Aƙidar ɗiyanci tana amsa bukata ta gaskiya a zuciyar ɗan Adam, bukatar a karɓe shi a kuma amintar da shi, sai dai ta gina amsar a kan bashin da ba a gada ba da lafazin da bai dace da Mahalicci ba. Abin da ya kamaci sassan nazarin addini shi ne su koyar da wannan babi daga littattafan masu shi tare da na malaman raddi, su kuma horar da limaman Wurno da Rabah da Goronyo a kan bambancin da'awar biyu. Abin da ya kamaci al'umma shi ne maraya da bacucane su ga ma'anar Hujurat 13 a aikace. Allah ne mafi sani.